Waƙar Turmi Kafin Ƙarshen Disamba

Litinin, 1 ga Disamba, da hantsi

Kawu ya ce a'a.

Litinin ɗin dai, bayan La'asar

Bari in tsara maganar kamar mai shirin kai ƙara, ko zuciyata ta sauka. Mu uku ne a tawagarmu ta kiɗa, Tsatsa. Ni Sajida nake waƙa da gitar bes, Zaharadden na riƙe da babbar gita, Muslim na kan ganguna. Rok muke yi, rabi Hausa rabi Larabci, a wata istiraha, gidan shaƙatawa da muke haya a bayan unguwar Mahjar a nan Jidda, inda babu maƙwabtan da za su kira mana 'yan sanda. Albam ɗinmu na farko jibi-jibin nan ya kamata ya fita, ranar Alhamis.

Waƙar da ta buɗe shi sunanta "Turmi", kuma muryar Mama ce a farkonta. Bara na ɗauke ta da waya a kicin, tana dakan yajin tsiren da Baba yake sayarwa a unguwar Madain Fahd, tana 'yar waƙarta. Da na kunna mata sai ta rufe fuska da gyale tana dariya, ta ce in je in yi abin da na ga dama da ita. Muslim ya ɗora ganguna a kan bugun taɓaryar, Zaharadden ya shigo da gita a baiti na biyu. Duk wanda ya ji sai ya ce a sake kunnawa.

Yanzu Mama tana takaba. Kawu yayanta ne, shi ke tsaye a kan gidanmu tun watan jiya. Yau ya zo da gurasar tamis da waken ful, ya zauna a kujerar Baba da ba a zama, ya ce, "Sajida, mace mai takaba ba a jin muryarta a titi. Ki bari ta fita tukuna."

Na ce, "Kawu, ai ba yau ta rera ba, tun bara ne."

Ya ce, "Amma yau za a ji."

Na juya ga Mama. Tana kan darduma da carbi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Wallahi abin da ya fi ci mini rai ke nan. An shigo har ɗakinta ana yanke hukunci a kan muryarta, ita kuwa an mai da ita kamar ba ta wurin.

Sai tsakiyar Maris za ta fita takaba, cikin goman ƙarshe na azumi. Wa ke fitar da rok a goman ƙarshe?

Talata, 2 ga Disamba, bayan Azahar

Na tsani Talata yanzu, amma dole na fita. Na je unguwar Bagdadiyya ofishin Mish'al, mai ɗan kamfanin da ya ɗauke mu. Hawa na uku, lif ɗin a lalace kamar kullum.

Ya ba ni gahawa ya sake yi mini ta'aziyya, sannan ya karanto mini abin da na riga na sani, kamar ni ce baƙuwa a harkar. Gasar kyaututtukan waƙa ta shekara tana duba abin da ya fita daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Disamba ne kawai. Kyautar da muke hari ita ce ta sabuwar tawaga, ita kuwa ba a ba wanda ya wuce shekara biyu da fitar da waƙarsa ta farko. Tamu ta fita farkon bara. In Disamba ta wuce, halas, shi ke nan, mun tsufa. Baɗi sai dai mu kara da manya masu kamfanoni a Riyadh da Dubai, su da ake kunna su a kowace mota.

Na ce to mu cire "Turmi" mu fitar da sauran.

Ya ajiye kofinsa. "La, la, a'a, ya Sajida. Saboda waƙar nan na ɗauke ku. Sauran suna da kyau, amma tawaga goma a Jidda za su iya yin irinsu. Ba Turmi, ba albam." Ya kuma ce ba zai fitar ba sai dangi sun amince, shi ba ya son wani dattijo ya hau masa bene da sanda.

A nan ne kaina ya yi zafi. Albam ɗin nan tun Satumba yake a shirye. Tun Satumba! Ni da kaina na zauna a wannan kujerar na roƙe shi mu fitar. Shi ya ce a'a, wai alƙalan gasa masu mantuwa ne, abin da suka ji a ƙarshen shekara shi ke zama a kunnensu lokacin zaɓe, wanda ya fita da wuri kuwa ƙura ta rufe shi. Ya zana mana a allo da jan alƙalami. Muka bi shi kamar tumaki.

Na ce, "Da ka bar mu a Satumba, da babu takaba, babu Kawu, kuma da akwai wanda zai ji shi."

Ya ce, "Wannan ƙaddara ce, ya ukhti, 'yar'uwata."

Ƙaddara ce, na sani. Amma jan alƙalamin nan a hannunsa na gan shi.

Alhamis, 4 ga Disamba, da safe

Yau ce ranar. Na wanke bayi, na share tsakar ɗaki, na jiƙa shinkafa.

Asabar, 6 ga Disamba, da yamma

Mun haɗu a istiraha, ba mu kaɗa komai ba. Muslim ya zauna bayan gangunansa yana ɗaure sanda da tef. Zaharadden yana ta zarya daga bango zuwa bango. Shi haifaffen nan ne, Hausarsa in ta taso sai Larabci ya tare ta a hanya.

"Ya'ni, esh fi, mene ne a ciki? Ki ce wa Mish'al sun yarda, halas. Kawunki yana jin rok ne? Rediyon ƙira'a kaɗai ke motarsa. Kafin ya sani mun ci kyauta, sai mu je mu ba shi haƙuri da kofin a hannu."

Na ce, "Matan unguwa fa? Ba su da waya? Kwana ɗaya ba za a yi ba sai an shigo wa Mama da ita har kan darduma."

"To me kike so?"

Na ce so nake a fitar da ita da rana tsaka, da izini, Kawu ya janye maganarsa da bakinsa. Ni ban saci muryar uwata ba, ita ta ba ni. Me zai sa in fitar da ita ta taga kamar kayan sata?

Da za mu tashi Muslim ya ce, "Me zai hana ke ki rera baitin nata? Mu bar bugun taɓaryar kawai."

Shawara mai kyau ce. Ban san me ya sa na ji kamar in jefe shi da takalmi ba.

Litinin, 8 ga Disamba, bayan Magariba

Mun gwada a sutudiyo. Na sa abin kunne, taɓarya ta fara, na buɗe baki.

Ba zan rubuta abin da ya faru ba. Mai haɗa sautin ya fita ya ce zai sayo ruwa, alhali ga katon ɗin ruwa nan a ƙarƙashin teburinsa. Zaharadden ya kai ni gida bai tayar da maganar ba, wannan kam na gode masa.

Mish'al ya bugo daga baya, wai akwai wata mawaƙiya Lama, muryarta kamar zuma, za ta iya haddace kalmomin a kwana biyu. Lama! Yarinyar da ba ta taɓa riƙe taɓarya ba, ba ta san ko yaji da me ake yin sa ba. Na ce masa in ya sake kawo mini wannan maganar zan goge fayil ɗin gaba ɗaya.

Talata, 9 ga Disamba

Ban fita ba.

Alhamis, 11 ga Disamba, bayan La'asar

Na je wurin Malam Nasir, limamin ƙaramin masallacin layinmu. Bahaushen Sudan ne, mai sanyin magana, kuma kowa a unguwa yana jin tasa. Na tsaya daga bakin ƙofar ofishinsa na tambaye shi ƙarara: takaba ta hana a ji muryar mace?

Ya ce mai takaba tana zama a gidanta, tana barin ado da turare, ba a neman aurenta. Amma tana magana, tana amsa sallama, tana amsa waya. Ya ce bai san inda aka ce muryarta ta zama haram saboda takaba ba, balle abin da ta faɗa tun mijinta yana raye.

Na ce, "Ke nan waƙar za ta iya fita?"

Ya ɗaga hannu yana murmushi. "Yarinya, maganar gita da ganga daban ce, kada ki ja ni can, ba za ki ji daɗin amsata ba. Takaba kika tambaya, takaba na amsa."

Ya ishe ni. Na dawo gida ina ta maimaita kalmominsa a zuci don kada ko ɗaya ta zube. Ashe al'ada ce kawai Kawu ya ɗauko daga ƙauyen da ya bari tun ba a haife ni ba, ya lulluɓe ta da rigar addini, yana neman kashe mana wahalar shekara uku da ita. Jibi sadakar arba'in, kowa zai zo. Zai ji.

Asabar, 13 ga Disamba, bayan Isha'i

Na faɗa masa, kuma a gaban mutane.

Gida ya cika tun hantsi. Mata a ɗakin Mama, maza a falo, an yi waina da shinkafa, abokan sana'ar Baba sun kawo tsire tire biyu. Ƙamshin ya hana ni shiga kicin, sai na yi ta raba ruwa. Bayan an shafa addu'a maza sun fara raguwa, saura Kawu da dattawa huɗu ko biyar, na tsaya a bakin labule na ce ina da magana.

Na ce na je wurin Malam Nasir. Na zayyana duk abin da ya ce. Na ce, "Kawu, in addini ne ka nuna mini inda aka rubuta. In kuwa ra'ayinka ne, to ka ce ra'ayinka ne, ka daina jingina wa Allah."

Wani tsoho ya ce, "Subhanallah, 'yar Ubale ce wannan?"

Ban tsaya ba. Na ce tun da abin ya faru kowa ya zama mai iko da gidan nan. An rufe teburin tsire ba a tambaye mu ba, an kwashe kayansa daga rataye ba a tambaye mu ba, yanzu har muryar Mama an sa mata kwaɗo. Na ce Baba da kansa yakan tsaya a ƙofar ɗakina in ina gwaji, ya ce ƙarar ta yi yawa, amma bai taɓa cewa in daina ba. Wane ne Kawu da zai fi shi?

Na jira ya yi tsawa. Na shirya wa tsawar, har amsarta na tanada. Sai ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar. Ya ce, "Na ji, Sajida. Malam ya fi ni sani. Amma maganata tana nan."

Shi ke nan fa. Ba hujja, ba aya, ba komai. Ya tashi ya raka baƙinsa. Taurin kai tsagwaronsa, an kama shi dumu-dumu amma ko a jikinsa.

Mama ta ji komai ta bayan labule. Da na shiga kwashe kwanuka ta juya fuskarta bango.

Lahadi, 14 ga Disamba, da hantsi

Ban yi nadama ba. Ina rubutawa ne don in gani da idona: ban yi nadama ba.

Laraba, 17 ga Disamba, da yamma

Tawagar su Turki sun fitar da nasu jiya. Yaran da muka koya wa ɗaura igiyar gita! Na saurare shi a bas daga farko har ƙarshe don in ji haushi da hujja. Waƙa biyu masu kyau, sauran duk hayaniya. Amma ga hotonsu ko'ina, ana ta cewa su ne sabuwar muryar Jidda. Mish'al ya yi gaskiya a abu ɗaya, duk wanda ya fito yanzu shi ake gani, kuma wannan ya ƙara mini jin haushinsa.

Muslim ya biyo ni har tashar bas bayan gwaji. Ya ce kamfanin da yake wa aikin sito suna son mai da shi garin Yanbu farkon shekara, kafilinsa, mai riƙe da takardun zamansa, ya matsa. Ya yi ta ja musu rai ne saboda gasar, domin wanda ya ci ana ba shi dandali a manyan bukukuwa na shekara guda, da wannan zai iya neman a bar shi a Jidda. In babu, ba shi da abin da zai ce musu.

Ya ce, "Ba matsa miki nake ba. Na ga dai gara ki ji daga bakina."

Mai ganga irin Muslim ba a tsintar sa a titi. In ya tafi babu Tsatsa, mu duka mun san haka.

Lahadi, 21 ga Disamba, bayan Azahar

Kawu bai sake hawowa ba tun ranar. Yakan ajiye cefane a bagalar ƙasa, mai shagon ya kira ni in sauko in ɗauka. Mama tana amsa gaisuwata, tana cin abin da na dafa, ba ta ƙara komai a kai. Zaharadden yana turo mini hoton kalanda kowace safiya ba tare da ya rubuta ko kalma ba.

Gidan nan ya yi shiru da yawa. Da, war haka ana daka.

Juma'a, 26 ga Disamba, bayan an sauko daga masallaci

Wannan dole in rubuta shi.

Ina tsefe wa Mama kai, don ta daina kula da shi. Tana zaune a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Na ga dama ce tunda ba ta kallona, sai na ce, "Mama, ki yi wa Kawu magana mana. Ke kaɗai zai ji. Muryarki ce, ba tasa ba."

Ni 'yar fari ce, ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Ke. Kawunki bai san ma akwai wata waƙa ba. Ni na kira shi na ce ya hana."

Na saki tsinken tsifar.

Ta ce, "Shi har cewa ya yi in bar ki, yara ne, zamaninsu ne. Na ce ya dai faɗa, ya ce saboda takaba."

Na ce, "Mama, me ya sa? Ke fa kika ce in yi abin da na ga dama da ita!"

"Lokacin yana nan." Ta gyara zama. "Ke kin taɓa sauraron abin da nake cewa a ciki, ko bugun kawai kuke ji?"

Na sani mana. Na ji ta sau ɗari. Tun farkon littafin nan nake kewaye ta, na ƙi rubutawa. Ga ta:

Mai wuta, yamma ta yi,
rage itace ka taho.
Na daka yaji na gaji,
mai wuta, dawo da wuri.

Ta ce, "Tun muna amare nake yi masa ita. In na bar taga a buɗe yakan ce har bakin titi yana jiyowa, ƙarya yake, amma haka yake cewa. Yanzu ki sa ta a waya, a tasi, a shago. Duk Jidda ta ji Tani tana kiran mutumin da ba zai amsa ba. Matan nan su shigo su zauna suna kallona, sun ji. Ni kaina in ina wucewa in ji."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, kuma cikin faɗa. Na ce me ya hana ta gaya mini tun ranar farko? Ta bar ni ina yawo gidan malamai, ta bar ni na tsaya gaban dattawa na ci mutuncin yayanta, tana bayan labule tana ji!

Ta ce, "Da na faɗa miki da bakina, da kin bari nan take, sannan ki riƙe ni a zuci har ki tsufa. Kawunki ya saba a ji haushinsa."

Sai ta miƙo mini tsinken ta bayan kafaɗa. "Na ji maganar yaron nan mai ganga, kina waya ina ji. Ban san abin ya kai haka ba. Ki fitar. Na yafe, har zuciyata. Zan gaya wa Kawunki. Ƙarasa mini kan nan kafin La'asar."

Na ƙarasa mata.

Asabar, 27 ga Disamba, da safe

Na samu izinin. Abin da nake ta haƙilo a kai ke nan tun farkon wata. Ban gaya wa kowa ba tukuna.

Litinin, 29 ga Disamba, da hantsi

Na je shagon Kawu a Mahjar, inda yake ɗinkin labule. Na durƙusa a bakin keken na ce ya yafe mini. Bai tsayar da ɗinkin ba sai da ya kai ƙarshen layi.

Ya ce, "Tani ta kira ni. Tashi, ƙasan akwai allurai."

Na ce me ya sa bai tona ba ranar, da na tsaya a kansa gaban abokansa?

Ya ce, "In tona wa? Ƙanwata?" Ya ciji zare. "Amma bakin nan naki, Sajida, na ubanki ne sak. Shi ma haka ya taɓa yi mini a kan kuɗin gawayi, a gaban surukaina."

Ya tura mini kwanon ful ɗinsa ya ce in ci. Da zan tafi na tambaye shi, shi yanzu me ya gani, in fitar ko in bari? Ya ce shi an sallame shi daga wannan aikin, kada in sake sa shi.

Haushi ya kama ni a hanya. Kowa ya zare hannunsa ya bar mini.

Laraba, 31 ga Disamba, bayan La'asar

Mu huɗu a ofishin Mish'al. Jiya na gaya musu Mama ta yarda, Zaharadden har ya sayo kek ɗin basbusa. Komai yana kan kwamfuta, hoton bango, sunayen waƙoƙi, saura a danna. Mish'al ya ce kafin ya tura bari mu saurari ta farkon tare, don albarka.

Taɓarya ta fara. Muryar Mama ta cika ofishin, ta fita ta taga. A ƙasa akwai mai shayi da direbobi a tsaye, na ga ɗaya ya ɗaga kai yana neman inda sautin yake fitowa. Baƙin mutum ne, mai yiwuwa ɗan gida Bahaushe, don na ga bakinsa yana motsi yana bin kalmomin.

Na ce, "Kashe."

Mish'al ya kashe. Na ce ba za a fitar ba.

Zaharadden ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskata sai ya miƙe. "Kin ce ta yarda! Wallahil azim kin ce ta yarda!"

Na ce ta yarda.

"To esh? Shekara uku, ya Sajida! Wata guda kina yaƙi da duniya, yau an ba ki, ki ce ba kya so? Muslim fa? Kalle shi!"

Ban iya kallonsa ba. Mish'al ya ce in yi tunani, akwai sauran sa'o'i, bayan yau babu sabuwar tawaga, a Afrilu kuwa, bayan takaba da azumi, shi bai yi alkawarin komai ba. Na ce na sani. Na ce ta yarda ne saboda ni, kuma a ɗakin nan ni kaɗai zan koma gida in same ta.

Zaharadden ya ɗauki gitarsa ya fita, bai rufe ƙofa ba. Muslim ya zauna ɗan jim, sannan ya tashi ya ɗaure kwalin basbusar ya miƙo mini. Ya ce, "Kai wa Mama. Ki ce ina gaishe ta." Ranar Lahadi zai tafi Yanbu.

Alhamis, 1 ga Janairu, da hantsi

Mama ta tambaye ni da safe, tana shan shayi, "Ke, an fitar?"

Na ce a'a.

Ta ajiye kofin. "Ba na ce miki na yafe ba?"

Na ce na ji.

"Kyautar fa?"

Na ce ta wuce.

Ta dube ni sosai, irin kallon da ba ta yi mini ba tun watan Nuwamba. Ta ce, "Kada ki ɗora mini." Na ce ban ɗora mata ba. Ta ɓalli basbusa kaɗan ta ci, ta ce sukarin ya yi yawa.

Har yanzu haushi nake ji, bai ragu ba ko kaɗan. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mish'al da allonsa, Kawu, Zaharadden, alƙalan da ban taɓa gani ba, Mama, ni kaina. Duk wanda na ɗora wa sai ya zame. Mutum ɗaya ya rage, shi nake ta kewayewa tun ranar Talatar nan da ya fita da tiren nama a kai ya ce a ajiye masa tuwo.

Baba, kai nake jin haushi. An ce ka dawo da wuri.